Jan Tawadar Kawu a Gefen Takardar Likita

Allah ne ya ba mu Kawu, kuma shi ya karɓi abinsa ranar wata Talata da sassafe, a bakin hanyar da ta fita daga Sabonjida. Ya faɗi ne yana tsakiyar tafiyar safen da ya saba, carbi a aljihu, takalmin roba a ƙafa. Mai koko da ke gefen hanya ita ta fara ganinsa. Kafin a tsayar da yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a sa shi ciki, rai ya yi halinsa.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma ni ce nas ɗin gidan, don haka tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba na san inda idanu za su sauka. Mata sun cika tsakar gida har zaure. Kowace ta durƙusa ta yi mini ya haƙuri yadda ya kamata, amma na san gaisuwar da ake yi wa mai rashi, na kuma san wadda ake yi wa wanda ake zargi, kuma ta biyun ce ta fi yawa a ranar. In na shigo sai hira ta mutu. In na juya baya sai ta tashi. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar Dagomba, wadda ba ta iya raɗa ba tun da nake, ita ce ta faɗi abin da sauran ke taunawa a kan Kawu, wanda take kira Afa.

"Afa zuciyanshi ba lafiya, an ce ya yi ta yawo kullum safe. Wannan paa ban gane ba. Da an bar shi ya zauna, da yana nan."

Ba ta kalle ni ba, ba ta kuma bukatar ta kalle ni. Duk unguwa an san ni na kawo takardar da ta ce Kawu ya yi tafiya.

Yayana, wanda ya zo daga unguwar Vittin, shi wuce ni ya yi, kuma hakan ya fi maganar tsohuwar ciwo. Wajen Mma ya nufa. Mahaifiyarmu ita ma ciwon zuciyar ya taɓa ta bara, irin na yayanta, kuma tare suke fita tafiyar nan kullum. Ranar ce kawai ba ta bi shi ba saboda gwiwa ta riƙe ta. Yaya ya tsuguna gabanta ya ce daga yau ba ita ba hanya, ya rasa kawu ba zai rasa uwa ba saboda wata takarda. Ni kuwa na tsorata, don a wurin aikina na sha ganin yadda mai irin ciwonta ke komawa in aka zaunar da shi a ɗaka don tausayi: ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarta, bayan wata shida ko banɗaki sai an riƙe shi.

Saboda haka nake wannan rubutu. Ina so a tuna Kawu yadda yake, kuma ina so a san labarin takardar nan daga bakina, har da inda na yi laifi.

Kawu marubuci ne na hannu. Littattafan kakanni da suka zo da fataken goro, waɗanda asu ya fara ci, su ake kawo masa ya kwafa. Yana da alƙaluman kara a cikin tsohon gwangwanin madara, da kwalba biyu na tawada, baƙa da ja. Dagomba suna ce masa Afa, mu muna ce masa Kawu, yaran da ya koyar suna ce masa Malam, amma duk wanda ya zauna da shi minti goma ya san sunan da ya fi dacewa da shi shi ne Mai Tuhuma. Bai yarda da labarin rediyo ba. Bai yarda da mai maganin da ke kuwwa da lasifika a kasuwa ba, wanda kwalba ɗaya tasa take warkar da basir da hawan jini da rashin haihuwa. In aka ce an ga wata, sai ya tambayi wa ya gani, a ina yake tsaye, idonsa lafiya? Tambayoyinsa uku ne, kuma ba ya gajiya da su: wa ya faɗa, daga wa ya ji, wa ya duba masa. In ka ce masa "an ce", sai ya gyara tabarau ya ce idan ka ga An-ce ka gaishe shi, ka ce ya zo da kansa.

Wannan hali ya sa mutane da yawa suna kauce masa, ni ma har da ni a wasu lokutan. Amma shi ne ya goya ni a moto, wato babur, ranar da zan je jarrabawar shiga makarantar nas, bayan rasuwar mahaifinmu, ya zauna gindin dalbejiya tun safe har la'asar yana jirana. Da na fito sai na tarar ya tare shugabar makarantar yana tambayarta wa ya koyar da ita, kuma wanda ya koyar da ita ya taɓa riƙe marar lafiya da hannunsa? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar ta yi dariya ta ba shi amsa dalla-dalla, sannan ya ce to, ya yarda ya bar mata ni.

Ciwon ya same shi shekara huɗu kafin rasuwarsa. Jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, aka kai shi kudu aka buɗe ta, aka dawo mana da shi da ledar magunguna da umarni guda: ya je a koya masa yadda zai farfaɗo. A ƙasashen da suka ci gaba akwai wuri na musamman don wannan, inda ake sa mutum motsa jiki ana kallon bugun zuciyarsa, ana koya masa abin da zai ci da abin da zai bari. Mu a nan ba mu da inda za mu kai shi. Sai na ce ai ni nas ce. Na buɗe waya na nemo takardun da ƙungiyoyin likitocin zuciya na ƙasashe daban-daban ke fitarwa, waɗanda ke tsara yadda za a kula da irin su Kawu bayan an sallame su. Na samu guda uku, kowace ta fi shafi ɗari. Na tsinci nan na tsinci can, na haɗa shafi biyu, na mayar da su Hausa. Sunayen waɗanda suka rubuta, da shekarun da aka rubuta, da 'yan alamomin da ke nuna wace magana ce aka gwada a kan mutane da yawa, wace ce ra'ayin manya kawai, duk na share su, don a ganina tarkace ne da za su rikita tsoho. Na buga na kai masa ina jin kaina.

Ya karanta sau biyu, ya juya bayan takardar, ya sake juyowa. Ya tambaye ni ina ƙarshenta. Na ce ga shi nan. Ya ce a'a, littafin da ba a rubuta sunan mai shi da mai kwafarsa a ƙarshe ba, bai ƙare ba, an yanke shi ne. Na ce daga likitoci take. Ya ce waɗanne? Na ce manya, na Turai. Sai ya ɗora yatsa a layi na huɗu, ya ɗora wani a layi na goma sha ɗaya.

"Madam Nas, wannan takarda hannu ɗaya ne ya rubuta ta?"

"Hannu ɗaya ne, Kawu."

"Nan ya ce in fara tafiya cikin makon nan. Nan kuma ya ce kada in motsa sai an auna ni a na'ura. Mutum ɗaya ba ya faɗin haka, sai in ba shi da hankali. Shekara arba'in ina kwafar littafi, na san inda hannu ya canja."

Da na ce e, na haɗa ne, da shi ke nan. Amma girman kai ya hana ni. Na ce masa shi bai karanta likitanci ba, ya bar wa masu abin abinsu. Ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya ce ba zai ɗora ransa a kan maganar da ba ta da uba ba. Na fita ina huci. Mako uku ban taka gidan ba, shi kuma mako ukun nan yana kwance a ɗaki bai ko leƙa masallaci ba, don ya ƙi takardata kuma ba shi da wata. Matarsa ce ta same ni a wurin aiki ta ce ƙafarsa ta fara kumbura. Wannan mako ukun laifina ne, kuma har gobe ina jin kunyarsu.

Na koma da takardun nan uku cikakku, na zube su a gabansa, na faɗa masa abin da na yi. Bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ya ce in ɗauko moto mu je wajen likita. Na ce ba a yarda ya hau moto ba tukuna. Ya ce wa ya faɗa? Na duba ukun duka, na ga sun yi bayanin ranar da mutum zai koma tuƙin mota, har ranar da zai hau jirgin sama, amma ba wadda ta san akwai garin da tsohuwa mai shekara saba'in ke zuwa kasuwa a kan moto. A yalo-yalo muka je.

Likitan da ke duba shi matashi ne, kuma ina jin bai taɓa haɗuwa da marar lafiya irin wannan ba. Kawu ya sa shi ya bi takardar layi-layi. A kowane layi tambaya ɗaya ce: wannan an gwada an gani, ko kuwa manya ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suka ce haka ya kamata? Ya tambayi ko an zauna da masu ciwon an ji ta bakinsu kafin a rubuta. Ya ga tambarin wani kamfani a ƙasan ɗaya daga cikin takardun, ya tambayi ko masu sayar da maganin ne suka ɗauki nauyin masu cewa a sha shi. Na zaci likitan zai kore mu. Sai na ga ya ajiye biro ya jingina. Ya ce gaskiya ba duka ɗaya ba ne. Wata takardar an yi ta da tsanaki, an faɗi inda aka samo kowace magana, wata kuwa kwafar wata aka yi aka canja bango, kuma ko mai kyan ba ta faɗi yadda za a yi aiki da ita a inda babu kayan aiki ba. Ya ce tafiya a hankali kullum, da shan magani ba fashi, da barin taba, da rage gishiri, a kan waɗannan zai iya tsayawa da ƙafa biyu. Sauran kuwa, wasu ra'ayi ne mai kyau, wasu shi ma bai sani ba.

Kawu ya juyo ya kalle ni ya ce wannan yaron malami ne, tunda ya iya cewa bai sani ba.

A gida ya ɗauko kwalaben tawadarsa. Duk layin da likita ya tsaya a kansa, ya ja masa layi da jan tawada. Wanda ra'ayi ne ya sa masa ɗigon baƙi. A bayan takardar kuma ya jera da ajami abubuwan da ba wanda ya tambaye mu: azumi a zafin watan Maris, hawa moto a hanyar da ruwa ya cinye, daɗewa a sujada, ɗaukar makara. Na huɗun nan ya fi damunsa, don a Sabonjida namiji bai cika maƙwabci ba in bai sa kafaɗa a makarar maƙwabcinsa ba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kai su gaban likita, su yi ta jayayya har su tsaya a wani wuri. Makara dai ya haƙura da ita, yana bin bayanta kawai, kuma na san abin ya ci masa rai. Taba ta gari da yake ɗan shaƙa ya zubar a rana ɗaya. Gishirin miyar ayoyo kuwa sai da suka yi wata guda suna rigima da matarsa, yana zarginta da ƙarawa a ɓoye, tana zarginsa da aika a sayo masa tsiren cincinga.

Takardar ta ce mai tafiya ya riƙe saurin da zai iya magana ba tare da haki ba. Kawu ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai riƙa magana shi kaɗai a titi. Sai ya mayar da abin karatu. Yana tafe yana karatunsa na safe a hankali, in numfashi ya yanke masa a tsakiyar aya, ya san ya yi sauri, sai ya tsaya. Likita ya ce wannan ma'aunin ya fi na takardar. Haka ya yi shekara huɗu, har ya koma kwafar littafi, ya aurar da autarsa, ya ga jikoki biyu. Da ciwon ya taɓa Mma, shi ya je har ɗakinta ya ce ta tashi, ba zai bari ƙanwarsa ta ruɓe a katifa ba. Kullum bayan asuba ya tsaya a ƙofarmu ya buga sandarsa sau biyu.

Duk wannan na sani, amma a kwanakin zaman makokin ni ma zargin ya shige ni. Na riƙa bin abin a raina. Ko ya yi fashin magani ban lura ba? Ko akwai layin da na fassara ba daidai ba? Na ƙirga ƙwayoyin da suka rage a ledarsa, daidai suke. Na je wajen likitan na tambaye shi kai tsaye ko tafiyar ce ta kashe Kawu. Ya ce mai irin wannan zuciya tana iya tsayawa a hanya, tana iya tsayawa a gado, kuma abin da ya sani shi ne masu tafiya sun fi masu kwanciya samun sauƙi. Amma a kan mutum ɗaya, a safiya ɗaya, ba zai rantse mini ba. Na fito da nauyin da na shiga da shi.

Ranar sadakar uku matar Kawu ta kira ni ɗaki ta miƙo mini takardar. Ta yi laushi saboda naɗewa, gefenta duk ja da baƙi. A can ƙasa, inda na bar fili, ya rufe ta yadda yake rufe littattafansa. Ya rubuta cewa an tsamo ta daga takardu uku, ya faɗi wace ce ya fi yarda da ita, ya ce likita ya duba, shi kuma ya gwada a jikinsa. Sannan ya rubuta cewa mai kwafar ɗiyar ƙanwarsa ce, ta taɓa ɓoye masa asalin takardar, ta dawo da ƙafarta ta faɗa, kuma tun daga ranar yana karɓar maganarta. Bai taɓa faɗa mini haka da baki ba. Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba ranar da ya rasu.

Washegarin sadakar bakwai, bayan asuba, na shiga ɗakin Mma. Yaya yana nan, don bai koma Vittin ba, gadin uwarsa yake. Na ba su takardar, Yaya ya duba ya ce rubutun Kawu ne, ba ya musu, amma mai rubutun yana ina yanzu? Mma ce ta ɗago, ta yi mini tambayar yayanta, da irin muryarsa ma.

"Wa ya faɗa, da kika ce in yi tafiya?"

Na faɗa mata duka, tun daga takardun uku har zuwa likita, da wanda aka gwada da wanda ra'ayi ne.

"Za ki rantse mini ba tafiyan nan ya kashe yayana ba?"

Yaya ya zuba mini ido. Na san in na ce zan rantse, wataƙila a bar ta ta fita.

"Ba zan iya rantsewa ba, Mma. Ban sani ba. Likita ma bai sani ba. Abin da na sani, in kin kwanta za ki lalace."

Sai Mma ta ce wa Yaya ya miƙo mata takalminta daga ƙarƙashin gado. Ya ce Mma, kin ji fa ta ce ba ta sani ba. Ta ce ta ji, kuma da na ce na sani, da ba za ta taka ko zaure ba.

Yaya bai yarda ba, har yau bai yarda ba, kuma ba na ganin laifinsa. Amma shi ya durƙusa ya sa mata takalmin. Muka fita mu uku, ita a tsakiya, maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Tana tafe tana karatu ƙasa-ƙasa, ni kuma kunnena na kan numfashinta, tsoro fal cikina. Da muka zo inda Kawu ya faɗi, muryarta ta yanke a tsakiyar aya. Na kama hannunta. Ta ce in sake ta, ba haki ba ne. Ta share idonta da bakin mayafi, ta koma farkon ayar, muka wuce.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa tambayar kabari ta zo masa da sauƙi, shi da bai taɓa barin kowa ya wuce ba tare da tambaya ba.